Gogewar shekara biyar, albashi sai an zauna: Abin da tallar aikin fasaha ke nufi ga matasan Gwarzo da Kabo

A watannin ƙarshe na 2024 kamfanonin rarraba wutar lantarki na Najeriya, ciki har da KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, sun yi ta jan kunnen masu mitar kati da su sabunta mitocinsu kafin ranar 24 ga Nuwamba, in ba haka ba mitar ta daina karɓar lambobin wutar da suka saya. Mutane da dama sun ɗauka wata sabuwar dabara ce ta tatsar kuɗi, alhali maganar ta lissafi ce. Kowace lambar wuta mai alƙaluma 20 tana ɗauke da hatimin lokaci da ke ƙirga mintoci tun daga 1 ga Janairun 1993, kuma gurbin da aka ware wa ƙirgen ba ya ɗaukar abin da ya haura minti miliyan 16.7 da 'yan kai, wato kusan shekara 32. Ranar da gurbin zai cika ita ce 24 ga Nuwamban 2024. Daga nan ƙirgen zai koma sifili, duk sabuwar lambar da aka shigar kuma sai mita ta ɗauke ta tsohuwa ce, ta ƙi karɓa. Maganin da aka fito da shi shi ne wasu lambobi biyu na musamman da mai mita zai danna, su mayar da mafarin ƙirgen zuwa 2014.

Shawarar da wasu injiniyoyi suka yanke a Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1990, domin kada lambar ta yi tsawon da yatsa zai gaji da dannawa, ita ce ta zo bayan shekara talatin ta tayar da hankalin miliyoyin gidaje har a Kano. Wannan shi ne fannin dasa ƙwaƙwalwa a cikin na'ura: ƙaramar kwamfuta da aka binne a cikin wani abin da ba a kiran sa kwamfuta, aka rubuta mata umarni, tana bi dare da rana, ba wanda ke tunawa da ita sai ranar da ta tsaya.

Ba sai mutum ya shiga birni zai ga irin waɗannan na'urori ba. A Lakwaya da Getso da Kutama na Ƙaramar Hukumar Gwarzo, da Garo da Gude a ɓangaren Kabo, suna nan a hannun mai POS, a cikin inbatar mai cajin waya, a akwatin da ke sarrafa famfon sola na rijiyar burtsatse, da na'urar BVAS da aka tantance masu zaɓe da ita a 2023. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya sa manoman rani da yawa a Jihar Kano sun fara ajiye injin ban-ruwa mai shan fetur suna komawa na sola. Duhun kwanaki da Arewa ta shiga a ƙarshen Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan wuta, ya ƙara wa kasuwar armashi. Duk inda aka kafa farantin sola da batir akwai ƙwaƙwalwar da ke lura da caji, kuma akwai ranar da za ta buƙaci wanda ya san cikinta.

Yankin na da dalilinsa na musamman na sa ido a wannan batu. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Kabo, a 2025 kuma aka ɗaga darajarta zuwa jami'ar kimiyya da fasaha ta tarayya, bisa ƙoƙarin Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Sanata Barau Jibrin, wanda ɗan Kabo ne. Titin da ya taso daga Gwarzo zuwa birni ma ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero yake bi, inda ake koyar da injiniyancin lantarki da na kwamfuta da na haɗa inji da ƙwaƙwalwa. Ga Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil, ga Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano. Iyayen da ke fitar da masara da waken suya da dabbobi domin biyan kuɗin makaranta za su ƙaru, haka ma 'ya'yansu masu fitowa da takardar wannan fanni. Abin da ke jiran su a bakin ƙofa shi ne tallar neman ma'aikata, kuma yadda aka saba rubuta ta ya isa a tsaya a yi mata duban tsanaki.

Talla ɗaya, sana'a uku

Fasalin tallar kusan ɗaya ne ko'ina ta fito. Ana neman injiniya mai gogewar shekara uku zuwa biyar. Sai jerin abin da ake so ya iya: yaren kwamfuta na C da C++, wani lokaci har da Python, ƙwaƙwalen STM32 da ESP32 da PIC, zana allon cikin na'ura, haɗa na'ura da intanet, girka sola. Sai sharaɗin kada shekarunsa su wuce 28 ko 30. A layin albashi kuwa, ko a bar shi fayau, ko a rubuta cewa mai tsoka ne, ko a ce sai an zauna.

Wanda ya san fannin, da ya karanta irin wannan jeri zai gane an cusa mutum uku a riga ɗaya. Akwai mai rubuta manhajar ciki, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwar yaushe za ta buɗe wuta, yaushe za ta yanke. Akwai mai zana allon da ake dasa ƙwaƙwalwar a kai, wanda masu gyara ke kira fanel, shi ke zaɓen kayan da za a jera da faɗin kowane layin tagulla. Akwai kuma mai girkawa da gyara, wanda ke hawa rufin kwano da tsakar rana. A manyan kamfanonin ƙetare kowannensu da sashensa da matakin albashinsa.

A Najeriya mafi yawan waɗannan na'urori shigo da su ake yi daga China, manhajarsu a rufe, kuma masana'antun haɗa mita da ake da su galibi suna Legas da Ogun. Don haka aikin da ya fi samuwa a Kano na ukun ne: girka sola, kula da injinan kamfanonin roba da na shinkafa a Sharaɗa da Challawa da Bompai, sanya wa motoci na'urar bin diddigi, gyaran POS. Aiki ne na gumi da basira, babu abin rainawa a cikinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne tallar da ke neman ilimin mai ƙira alhali aikin na mai hawa tsani ne. Irin wannan talla tana korar wanda ya dace da aikin, domin zai ga jerin ya fi ƙarfinsa, ta kuma janyo wanda ya yi burin ƙira, wanda zai gaji ya tafi kafin shekara. Sau da yawa, daga yanayin kalmomin, a fili yake cewa an kwafo jerin ne daga tallar wani kamfanin Turai ko Indiya, aka canza suna da adireshi kawai.

Mai neman aiki na iya gane gaskiyar talla daga abin da ta ce zai riƙa yi a kullum. Idan ta yi maganar lasisin tuƙi da yawan tafiye-tafiye da wuraren da za a kewaya a wata, aikin fili ne. Idan ta ambaci wani abu takamaimai da kamfanin ke ƙerawa da gwajin da ake masa kafin ya fita kasuwa, akwai ƙira a ciki. Wadda ta lissafa komai ba ta faɗi abin da kamfanin ke sayarwa ba, mai yiwuwa masu ita ma ba su tantance wanda suke nema ba.

Me shekarun ke aunawa?

Adalci ne a faɗi cewa kamfanoni ba don mugunta suke neman mai shekaru a bakin aiki ba. Manhajar waya in ta yi kuskure, cikin dare za a gyara a tura sabuwa. Akwatin da aka girka a wata gona a bayan Lakwaya kuwa sai an hau babur an je da sukundireba, kuma in guda dubu aka sayar, kuskuren ya zama dubu. Kuskure a na'urar caji na iya kashe batirin da ya ci dubban ɗaruruwan Naira, ko ya tayar da gobara a shago. Mai kamfani yana son wanda ya riga ya ƙona allo a wani wuri, ya koyi darasin da kuɗin wani.

Akwai kuma ilimin da fili kaɗai ke bayarwa. Wutar da ke hawa da sauka ba sallama, zafin Afrilu da ke haura maki 40, ƙurar hunturu da ke toshe fanka, tsawar farkon damina, ƙadangaren da ke samun mafaka a cikin akwati ya haɗa wayoyi biyu: babu ɗaya daga cikinsu da ke zuwa teburin ɗalibi. Allon Arduino, wanda aka fara yi a Italiya a 2005 kuma da shi akasarin ɗalibai ke haɗa aikinsu na ƙarshe, yana da ƙirgen lokacin da ke cika ya koma sifili bayan kimanin kwana 50. Ɗalibin da ya gwada na'urarsa ta ban-ruwa na mako guda ya kai wa malamai ta ci maki, ba zai taɓa haɗuwa da wannan rana ba. Manomin da ya saya zai haɗu da ita, tumatirinsa na tsakiyar fure. Ƙanwar matsalar mitar 2024 ke nan, kuma wanda ta taɓa cizo ba ya sake rubuta manhaja ba tare da ya yi mata tanadi ba, kamar yadda ba ya mantawa da ɗan agogon nan mai gadi da ke sake tayar da na'ura idan ta sanƙare.

Sai dai adadin shekaru awo ne mai rauni. Mutum na iya shekara biyar a kamfani yana jera batir iri ɗaya a gidaje daban-daban, abin da ya koya a wata shida na farko shi yake ta maimaitawa. Wani kuma cikin wata goma sha takwas ya ɗauki na'ura ɗaya daga zane zuwa gwaji zuwa hannun masu saye, ya karɓi ƙorafinsu, ya gano laifin, ya gyara. Talla ta ce na farkon ya cancanta, na biyun bai kai ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce: me ka taɓa haɗawa da ya yi shekara a hannun wani yana aiki, kuma da ya lalace me ka gano?

Aikin ƙarshe na ɗalibai da ya kamata ya zama amsar wannan tambaya ya rage daraja a idon masu ɗaukar aiki, saboda sanin kowa ne cewa wasu saye suke yi, wasu kuma kwafowa. Ƙofa mai buɗe kanta da fitilar titi mai kunna kanta an kai su gaban malamai har ba adadi. Wanda ya kwana yana haɗa nasa da hannunsa shi ke biyan bashin wanda ya saya.

A ɗaya ɓangaren akwai masu gyaran waya na Farm Centre da titin Beirut a Kano, da ƙannensu a tashoshin Gwarzo da Kabo. Mai ɗaga aisi da iska mai zafi ya mayar da ita daidai a kan allon da layukansa suka fi gashi siranta yana da ƙwarewar hannun da yawancin masu digiri ba su da ita. Galibi abin da ya rasa shi ne lissafin da ke bayan aikin da iya rubuta manhaja. Talla ba ta ganin shekara gomansa, domin babu takarda, ba ta kuma ganin mai takardar, domin babu shekaru. Kamfanin da ya haɗa su a teburi ɗaya zai iya samun abin da yake ta nema a jikin mutum guda bai samu ba. Tsohon tsarin koyon sana'a na ƙasar Hausa, inda maƙeri ko baduku ke yaye yaronsa bayan ya ga aikin hannunsa da idonsa, ya fi wannan talla sanin cewa gani ya kori ji.

Hukuma ta ɗan taɓuka a nan. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, tana da tsarin tantance ƙwarewar da mutum ya samu a wajen makaranta a ba shi shaida, kuma an gwada hakan da masu sana'a na kasuwar Panteka tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Majalisar COREN mai kula da aikin injiniya, wadda aka kafa a 1970, tana yi wa rukuni huɗu rajista, daga injiniya har zuwa mai sana'ar hannu. Amma da wuya a ga tallar kamfani mai zaman kansa da ta ambaci shaidar NBTE a cikin abin da za ta karɓa, kuma shaidar da mai ɗaukar aiki bai san da ita ba, adon bango ce.

Lissafin da ba ya fita

Sharaɗin shekarun haihuwa shi ne wanda ya fi cutar da ɗan karkara. A ce yaro ya gama sakandare yana da 18, ya samu gurbi a karon farko, wanda ba kasafai ake samu ba. Digirin injiniya shekara biyar ne. Waɗanda suka yi karatu a 'yan shekarun nan sun yi asarar wata tara a yajin aikin ASUU na 2020 da wata takwas a na 2022. Sai jiran kira, sai shekarar hidimar ƙasa. Mai sa'a zai fito kasuwa yana da 26. Wanda ya fara firamare a makare, ko ya zauna JAMB sau biyu, ko ya tsaya shekara guda ya yi noma ya tara kuɗin rajista, ya kusa 29. Neman gogewar shekara biyar daga wanda bai wuce 28 ba, a zahiri, neman ɗan jami'a mai zaman kanta ne ko wanda ya yi karatu a waje, ko kuma tura mutane kotu su yi rantsuwar rage shekaru. A Yulin 2023 Majalisar Dattawa, bisa ƙudirin Sanata Abba Moro na Binuwai, ta yi kira da a daina sanya wannan sharaɗi. Kira ne ba doka ba, tallace-tallacen kuma suna nan yadda suke.

Watannin koyon aiki na SIWES da asusun ITF ke kula da su, da shekarar hidimar ƙasa, galibi ba a lissafa su cikin gogewa. Wani lokaci da hujja, domin injiniyoyi da yawa aji ake tura su su koyar da lissafi a shekarar hidima. Ita kanta COREN sai mai digiri ya yi shekara huɗu a bakin aiki take yi masa rajistar injiniya, don haka tallar da ke neman sabon ɗauka mai rajista tana neman abin da babu. Mai babbar difloma ta HND kuwa, wanda sau da yawa ya fi daɗewa a ɗakin gwaji, har yanzu yana ganin tallar da ta ce digiri kawai. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin soke wannan bambanci a 2021, amma Shugaba Muhammadu Buhari ya bar mulki a 2023 bai sa masa hannu ba.

Albashin da ba a faɗa

A Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000, Gwamnatin Kano kuma ta sanya wa ma'aikatanta 71,000. Daga Maris na 2025 masu hidimar ƙasa suka fara karɓar 77,000 maimakon 33,000. Wannan adadi na ƙarshe ya zama ma'auni a zukatan matasa, kuma da gaskiyarsu: kamfanin da ya yi wa injiniya tayin Naira 80,000 yana gaya masa cewa bambancinsa da ɗan hidimar da ya fito jiya dubu uku ne. Dokar ma ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ko masu aikin kamasho da na jinga, kuma a nan ne akasarin ƙananan kamfanonin sola suka faɗa.

Faɗuwar Naira ta bugi wannan sana'a ta fuska biyu. Kafin Yunin 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin hukuma; a farkon 2024 ta haura 1,500. Albashin Naira 150,000 da a da ya kai Dala 326 ya koma Dala 100, alhali duk abin da mai wannan sana'a ke koyo da shi da Dala ake sayowa: allon gwaji, ƙarfen narka dalma, mitar awo, da na'urar nuna igiyar lantarki a allo wadda in babu ita mai ƙira lalube yake cikin duhu. Abokin karatunsa da ya koma rubuta manhajar intanet na iya zama a ɗakinsa a Kano da kwamfuta ɗaya ya yi wa kamfanin waje aiki a biya shi da Dala. Mai na'ura yana buƙatar teburin aiki da wutar da ba ta yankewa da kayan da sai sun bi ta kwastam. Shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku, wanda Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023, shi ma akasarin darussan da ya fara da su na manhaja ne da sarrafa bayanai da tsaron intanet.

Sakamakon a bayyane yake. Haziƙan da suka fara da na'ura suna sauya sheƙa a shekara ta biyu, sannan kamfanoni su dawo suna kukan ba sa samun mai gogewar shekara biyar. Mai shekara biyar ɗin da suke nema shi ne yaron da suka yi wa tayin 80,000 ya tafi.

Dalilan ɓoye albashi ba asiri ba ne. Mai kamfani yana tsoron tsofaffin ma'aikatansa su ga abin da zai ba sabo, yana tsoron abokan gasa, yana kuma fatan mai nema ya faɗi ƙasa da abin da aka tanada. Shi ya sa ake tambayar nawa ake ba ka a inda kake, tambayar da ke sa wanda aka taɓa ƙwara ya ci gaba da ɗaukar ƙwarar daga ofis zuwa ofis. A nan tarbiyya ma tana shigowa. Matashin da zai yini yana ciniki a kan rago a kasuwa, idan aka zaunar da shi gaban sa'an mahaifinsa aka ce nawa za a biya ka, kunya ce za ta rufe shi ya ce duk abin da aka ba shi ya gode. Halin kirki ne a zauren gida. A ɗakin intabiyu kuwa ana rubuta shi a matsayin farashi.

Kuma ɓoyewar ba kowa take ci daidai ba. Ɗan Lakwaya da aka kira intabiyu zai biya kuɗin mota zuwa Kano, wani lokaci zuwa Abuja ko Legas, ya nemi wurin kwana, a sake kiran sa zagaye na biyu, sai a na uku ya ji adadin da ba zai biya masa hayar ɗaki ba. Da an rubuta tun farko, da kuɗin motar na aljihun mahaifinsa.

Wasu ƙasashe sun mayar da batun doka. Jihar Kolorado ta Amurka ta wajabta bayyana albashi a talla daga 2021, birnin New York daga Nuwamban 2022, Kalifoniya daga 2023. Tarayyar Turai ta amince da nata umarnin a Mayun 2023, ta ba ƙasashenta zuwa Yunin 2026 su aiwatar, kuma ya haramta tambayar mai nema albashinsa na baya. Dokokin ba su zama maganin komai ba, domin wasu kamfanonin Amurka sun riƙa sanya tazara mai faɗin da ba ta gaya wa kowa komai. Duk da haka mai karatu yana samun ƙasan da zai tsaya a kai. Najeriya ba ta da irin wannan doka, kuma babu abin da ya hana ƙungiyoyin injiniyoyi ko na masu sola su mayar da ita ƙa'idar mambobinsu tun kafin majalisa ta waiwayo.

Ko an faɗi adadin, da sauran tambaya. Kafin cire-cire ne ko bayansa? Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin 100, mai aiki kashi 10, a kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai aiki zuba kashi 1 na jimillar albashi a asusun NSITF, abin da ya kamata mai hawa rufi da taɓa waya mai wuta ya tambaya kafin komai. Wa zai sayi man babur in an tura shi ƙauye, kayan aikin na wane ne, wata nawa ne gwaji kuma nawa ake biya a cikinsa? Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, sai dai ma'anar ma'aikaci a dokar ta fitar da masu aikin gudanarwa da na fasaha da na ƙwararru. Injiniya ke nan takardar ɗaukarsa ita ce babbar madogararsa in magana ta kai Kotun Ma'aikata, kuma wanda ya fara aiki a kan alƙawarin baki saboda mai kamfanin abokin kawunsa ne zai shiga kotun hannu rabbana.

Gyaran da ya fi sauƙi yana hannun masu ɗaukar aikin. A ajiye wa mai nema na'urar cajin da ta lalace, da mitar awo, da takardar bayanin ƙwaƙwalwar, a ba shi awa ɗaya, a zauna a ga ta inda zai fara da irin tambayar da zai yi. Ga mai manhaja, a ba shi gajeren umarnin da aka ɓoye kuskure a ciki ya nemo. Gwajin ba ya cin kuɗi, kuma yana ba mai HND da mai digiri da yaron Farm Centre fili ɗaya. Sharaɗinsa kawai shi ne kada ya zama hanyar karɓar aikin mako guda kyauta da sunan jarrabawa, wanda shi ma ana yi.

Amma gwajin teburi sai wanda ya taɓa zama a teburi yake ci, kuma a nan ne maganar ta komo Kabo. Sabuwar jami'a takan fara da ƙofa da ginin majalisar gudanarwa da babban ɗakin taro, domin su ake gani daga titi ranar buɗewa. Abin da iyaye a Lakwaya da Getso da Garo ya kamata su riƙa tambayar wakilansu shi ne kuɗin TETFund da na kasafi nawa ya tafi ɗakin gwaji, ɗalibi nawa ke layi a kan na'urar awo ɗaya, akwai wutar da za ta kunna ta da rana, kuma kamfani nawa na Sharaɗa da Challawa aka ƙulla yarjejeniya da su su karɓi ɗalibai koyon aiki su sa hannu a kan abin da yaro ya yi da hannunsa.